Muniratu Za Ta Daji

"Daji, e! Daji na ce, Yaya Wahab, kunnenka lafiya lau!"

Muniratu na tsaye a kicin, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya na dama kunun Mma.

"A'a, babu aljanin da ya shige ni... Tsuntsu, e. Hoton tsuntsu zan ɗauko."

Ta kasa kunne. Shi wannan yayan nata in ya fara magana ba a katse shi, sai ka ce mai huɗuba. A Newark yake, nan tsallaken ruwa, amma muryarsa kaɗai ke zuwa Bronx, unguwarsu a nan Amurka. Gangar jikin tana can tana hutawa.

"Ka kira wa? Adjoa?... Ka ce mata me?!"

Ludayi ya suɓuce cikin tukunya.

Adjoa abokiyar aikinta ce. Ita ta yarda za ta zauna da Mma har Muniratu ta je Ghana ta dawo. To ashe Wahab ya nemo lambarta, ya gaya mata baƙuwa ba za ta taɓa jikin uwarsa ba muddin yana numfashi.

"Uwarka... To ni a bola aka tsince ni?... Kar ka sako sunan Kadri a ciki! Direba ne, e, na sani. Takarda? Na ce maka ya taɓa tambayata takarda?... Yaya? Yaya!"

Ya kashe.

Daga ɗaki Mma Safiatu ta ɗaga murya. "Muni, kunun nan a Kumasi ake damo shi?"

"Ga ni nan, Mma."

Haka rayuwar take. Can saman bene a Concourse Village, ɗaki biyu da falo, taga mai sandunan ƙarfe. Da safe ta yi wa Mma wanka, ta shafa mata mai, ta ɗaga ƙafar da ba ta motsi ta gyara. Ta hau jirgin ƙasa ta je ta yi wa wata tsohuwar wanka, wannan karon da albashi. Ta dawo ta tarar da ta gida tana jira. Daga wannan gado zuwa wancan gado, har yarinya ta doshi talatin. 'Yan uwa kuwa kowa na yabonta. Yabo ai ba ya hawa bene, ba ya wanke kwano.

Tsohuwar wurin aikin, Madam Rozalin, Baturiya ce da ta ƙare ƙuruciyarta tana bin tsuntsaye cikin dazuzzukan duniya da kyamara. Da ƙafa ta ƙi, ido ya dushe, sai ta miƙa wa Muniratu kyamarar, da wani dogon gilashi baƙi da ake maƙala mata a baki, mai nauyi kamar taɓarya, ta koya mata daga kan gado. Muniratu ta dawo gida ta zura taɓaryar nan tsakanin sandunan taga. Me za ta gani? Tattabaru. Ta ɗauke su ta ɗauke su, har ta san mai ɗingishi da mai ido ɗaya.

Sai Kadri.

Shi ke tuƙa motar marasa lafiya da ke kai Mma wankin ƙoda. Dogo, baƙi, magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri. Wata rana yana ɗaure keken Mma ya hango tana duba hotuna.

"Wannan ba tattabara ba ce," ya ce. "Shaho ne, ɗan bana. Ina kika same shi?"

"A kan tankin ruwan maƙwabta. Kai ina ka san shaho?"

Ya yi murmushi, ya ja bel ɗin keken.

Ashe ɗan zangon garin Assin Fosu ne, can Ghana, kuma kafin ya zo Amurka aikinsa ke nan, shiga da baƙi masu kyamara cikin kurmin Kakum.

Wankin ƙoda yana cin lokaci. Akwai wani lambu mai manyan itatuwa kusa da wurin. To kun dai gane.

"Rufe ido."

"Kadri, mutane na kallo fa."

"Babu mai kallonmu sai kurege. Rufe ido, 'yar Mma. Tsuntsun kurmi ba a fara ganinsa da ido. Da kunne ake."

Ta rufe.

"Me kika ji?"

"Bas."

"Bayan bas."

"Wani yana zagin wani da Sifaniyanci."

"Muni..."

Ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta nutsu. Can sama, ta hagu, wani abu ya yi tsiit-tsiit siriri kamar zare.

"Yauwa. Kar ki ɗaga kyamara da sauri. A hankali, kamar kina ɗaga mayafi a gaban suruka."

Nan ya riƙa kwashe mata kurmin yana zubawa a kunne. Wai can ko da rana tsaka duhu-duhu ne, sai ta jingina da itace ta riƙe numfashi kafin ta danna. Wai gilashin zai yi gumi da safe, kar ta goge da gefen gyale, ta bar shi ya sha iska. Ta cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa. Akwai gadar igiya a saman itatuwa, in ta hau kar ta kalli ƙasa. Za ta ga wani shuɗi ƙato mai tukku, za ta ga aku ba a keji ba, za ta ji cilakowa tun kafin ta gan ta, fukafukinta na huci kamar tsohuwar mota.

"Amma duk waɗannan yara ne," ya ce. "Akwai mai sanƙo."

"Mai me?"

"Mai sanƙo. Kansa rawaya tal, babu gashi ko ɗaya, kamar alhajin da aka aske a Mina. Da laka yake gina gidansa a ƙarƙashin dutse. Ba ya zuwa sai la'asar ta yi sanyi. Za ki zauna a gaban dutsen, ba tari, ba kashe sauro. In ya ga dama ya diro gabanki ya kalle ki. In bai ga dama ba, kin sha cizo a banza."

"Ka taɓa ɗaukarsa?"

"Ni jaka nake riƙe wa masu ɗauka."

"To mu tafi tare mana."

Ya kalli takalminsa.

"Maganar takardata ta zama a ƙasar nan tana gaban alƙali, zuciyata. In na sa ƙafa waje, ƙofar ta rufe ke nan. Ke ki je. Ki gano mana, ni da ke."

Ranar ta koma gida tana tuntuɓe da abin da babu.

Ta yanki tikiti a ɓoye. Dole a ɓoye, don duk wanda ya zauna a Bronx ya san wannan: mai zuwa gida ba ya faɗa. Sai dai a wayi gari a ga hotonka a unguwar Nima, can Ghana, kana cin wake da shinkafa, a yi ta zaginka daga nesa. Mma kaɗai ta gaya wa, da Adjoa. Sai Wahab, don a ce an gaya wa babba. Wahab kuma ya gaya wa Sherifa.

Sherifa 'yar ƙanwar Mma ce, tana kitso a wani shago a Fordham Road. Tun ranar da ta fara ganin Kadri ta gano tana ƙaunar Mma ƙwarai, kullum ranar wankin ƙoda sai ga ta da kula biyu, ɗaya ta mara lafiya, ɗaya ta direba.

Da yammar ranar da Wahab ya kori Adjoa, sai ga muryar Sherifa a zauren matan zango na waya, zaƙi kamar an zuba zuma.

"Salamu alaikum iyayena da yayyena. Albishirinku! 'Yar uwarmu Muniratu za ta gida ranar Asabar. Jaka biyu aka ba ta, kuma wallahi babu komai ciki. Ita kunya ce ta hana ta faɗa..."

Kafin magariba an fara ƙwanƙwasa ƙofa.

"Muni 'yar albarka! Ɗan wannan ne kawai, ba nauyi."

Ɗan wannan ɗin injin markaɗe ne.

"Maganin gwiwa ne na yayata a Aboabo. Hannu da hannu fa, kar ki ba yaranta, ɓarayi ne."

"Takalman jikokina, Tamale. Ki ɗauko mini hotonsu sanye da su, tunda an ce kin iya hoto."

"Waya ce guda uku. Ta Bawku ita ce mai jan kwali."

"Hajiya, ni fa ba zan je Bawku ba, daji za ni..."

"Ei, ji yarinya da wasa! Mu da muka baro daji muka zo nan?"

Wa za ta ce wa a'a? Wannan ita ta kwana da Mma a asibiti. Waccan ita ta dafa abincin addu'ar Baba, ba ta karɓi ko sisi ba. Ta bayanta ita ta yi mata wankan jariri a nan Bronx, kuma ba ta bari a manta. Muniratu ta riƙa karɓa tana cewa to, to, Allah ya kai, fuska na murmushi, rai a ɓace.

Kwana biyu, falo ya cika. Buhu kan buhu, leda kan leda, har keken Mma sai an yi masa hanya. Kayan suka taru suka toshe tagar ma, ko tattabarun ba ta gani. Ta zauna ta lissafa garuruwan da aka aike ta, ta ga ko da ƙafar mota aka haife ta, hutun zai ƙare ba ta ga ganye ɗaya na kurmi ba. Ga shi babu mai zama da Mma.

Sherifa ta zo taya shiri, ba wanda ya kira ta. Ta buɗe jakar hannun Muniratu ta zaro dogon gilashin da yatsa biyu.

"Sista, wannan taɓaryar ita ke cinye miki wuri. A ajiye ta, turaren Hajiya Sumaya ya shiga."

"Mayar."

"Ni gyara nake..."

"Sherifa, mayar!"

Ana cikin haka aka yi sallama. Kadri ne. Zuciyar Muniratu ta yi sanyi, ta haura buhu biyu ta nufo shi, bakinta cike da ƙara. Sai ta ga hannunsa a baya.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai... ɗan abu ne." Ya fito da baƙar leda, ƙarama, an naɗe ta da salatif. "Tabarau ne da zani. Na tsohuwata. Garinmu a kan hanyarki yake, ko sauka ba sai kin yi ba, ta taga ma..."

Ta kalli ledar. Ta kalle shi.

"Har kai?"

"Muni, ba nauyi..."

"Kowa haka ya ce! Kowa! Mai injin markaɗe ma haka ta ce!"

"Na daɗe ban ga uwata ba, zuciyata."

"Kar ka ce mini zuciyata! Ni na ɗauka a garin nan akwai mutum ɗaya, ɗaya tak, da in ya kalle ni ba hannu biyu yake gani ba da wurin zuba kaya. Ka ce in je in gano mana. Ashe kai ma jaka ka samu!"

Sherifa ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce da bango, "Ai dama wanda ba ya iya fita dole ya nemi ɗan aike. Yaya Wahab ya faɗa."

Kadri bai ko kalle ta ba.

"Haka kika ɗauke ni, Muni?"

"Na fasa. Dajin, da tsuntsun, da kai. Duka na fasa. Fita."

Ya tsaya kaɗan. Sannan ya mayar da ledar bayansa kamar yaron da aka kama, ya fita, ya ja ƙofar a hankali. Da ma bugawa ya yi, da ta fi jin daɗi.

Duk abin nan Mma na kan kekenta a lungu, ido a lumshe, carbi na tafiya. Mai kallo sai ya ce barci take.

Ranar Juma'a Muniratu ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ta yi wa Mma wanka, ta je aiki. Madam Rozalin ta tambaye ta ko ta shirya, ta ce e, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kukanta. Ta duba waya ta sake dubawa. Kadri bai kira ba. Wahab ne ya kira, ya ce ya ji ta dawo hankalinta, Allah ya yi mata albarka.

Asabar da hantsi tana kwance ta juya wa duniya baya, sai ta ji gurr, gurr, ana jan wani abu mai nauyi a falo.

Ta fito ba ko ɗankwali.

Duro biyu shuɗɗa, irin na aika kaya ta jirgin ruwa, a tsakiyar falo. Kadri ya naɗe hannun riga, gumi na zuba, yana jera kayan mutane ciki. Rabin tagar har ya buɗe.

"Wa ya buɗe maka?"

"Ni," in ji Mma. "Gidan ubanki ne ko na mijina?"

Kadri bai ɗago ba. "Jiya daga masallaci na bi su gida-gida. Na durƙusa na ce kaya za su bi ruwa, ƙanena zai raba hannu da hannu, har Bawku."

"Suka yarda?"

"Hajiya Sumaya ta ce ni ɗan daji ne mara tarbiyya. Mai injin markaɗe ta ce Allah ya isa. Wata ta ba ni ruwa, ta zage ni, ta ƙara mini leda ɗaya." Ya share goshi. "Amma babu wadda ta ce a mayar mata da kayanta."

Dariya ta taso mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta fara.

Ya ɗauko baƙar ledar nan daga aljihu, ya ɗora a saman duron.

"Na yi kuskure, Muni. Na ga hanya ta buɗe zuwa wurin tsohuwata, idona ya rufe, ban ga wadda ke tsaye a hanyar ba. Wannan ma ruwa zai bi. Ki tafi da kyamararki da kayan sawarki. Ko ba ki ƙara yi mini magana ba, ki je ki zauna gaban dutsen nan."

Ta tako a hankali. Ta sa hannu ta ɗauke ledar daga duron, ta rungume.

"Wannan ni zan kai."

"A'a, ba sai..."

"Ba aikena ka yi ba. Ni ce nake so in ga matar da ta haifi mutum mai taurin kai haka."

"Zuciyata..."

"Yanzu ka faɗa."

Mma ta yi gyaran murya mai ƙarfi. "Ina nan fa, ban mutu ba."

Sai a lokacin Muniratu ta dube ta da kyau. Leshi ne a jikinta, na zuwa suna. Ga gyale mai duwatsu, ga jakar magunguna a cinya, an ɗaure da kyau.

"Mma, ina za ki? Ni fa ba inda za ni, babu mai zama da ke..."

"Na gaji da jin ɗana a waya. Ina so in je in ga ko har yanzu yana da fuska."

"Mma! Bai sani ba fa!"

"Ke da ya kori Adjoa ya sanar da ke? Ya ce baƙuwa ba za ta taɓa ni ba. Gaskiyarsa. Shi ai ba baƙo ba ne."

"Wankin ƙodar fa?"

"Direba ya san hanyar Newark. Ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Mma."

Daidai nan Sherifa ta shigo da kula biyu. Ta ga duro, ta ga ledar a ƙirjin Muniratu, ta ga inda idon Kadri yake. Murmushinta ya tsaya a rabin hanya.

"Yauwa, Allah ya kawo ki," in ji Mma. "Murfin nan ya ƙi rufuwa. Ke ce mai jiki, hau ki zauna a kai."

Haka aka rufe kayan zango, Sherifa na zaune bisa duro da kula a cinya.

Jirgi sai yamma, akwai lokaci. Suna cikin motar Kadri a kan gada, ruwa na walƙiya ta ƙasa, Mma ta taɓa kujerar direba da bakin carbi.

"Kai ɗan daji."

"Na'am, Mma."

"In ta dawo ka turo manyanka da goro. Kar ka turo mini matasa masu wando a gwiwa."

Motar ta ɗan yi rawa.

"Riƙe sitiyari! Maganar takarda kuma, ni ma da na zo ƙasar nan ba ni da ita. Uban wannan ya aure ni haka, kuma Wahab ɗin da ke ta surutu a cikin rashin takardar aka haife shi."

Muniratu ta cusa fuska cikin gyale. Ta madubi Kadri ke nemanta, ita kuma ta ƙi ɗagowa, sai kunnuwanta da suka yi zafi.

Mai sanƙon kam ta same shi. Yini na farko bai zo ba, na biyu ma haka, sauro ya yi walima da ita. A na uku ya diro kan dutse ya karkata kai ya kalle ta, ta danna. Hoton ya ɗan karkace, jelar ma ba ta shiga duka ba. Yana nan rataye a falonsu ita da Kadri, baƙi na tambaya ko kaza ce ba ta da lafiya. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, motar na tsayawa a bakin wani gida mai jan bulo, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗauka.

"Na'am, Yaya... E, ina cikin mota... E, da shi... A'a, ban fasa ba."

Ta janye wayar daga kunne kaɗan, don huɗubar ta fara. Kadri ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya fara kwance bel ɗin keken. Mma ta gyara gyale, ta lashi yatsa ta daidaita gira.

Muniratu ta bari sai da ya kai inda yake tambaya, da babbar murya, wa zai kula da uwarsu.

"Yaya, ajiye wa'azin, sauko ka buɗe ƙofa. Ga Mma a bakin gidanka. Ƙafar hagu ake fara sauke mata, kuma ba ta shan kunu in ya huce."